Kwamfutar da Alhaji A-Kashe Ya Hana a Kashe

Duk wanda ya zauna a Ƙofar Taramniya a wancan zamanin ya san ƙarar nan, ƙyas. Ita ce sallamar Baba. Kafin ka ji muryarsa ka riga ka ji ya danna makunni, ƙwan lantarki ya mutu, fanka ta fara lilo tana tsayawa. A kasuwa Alhaji Umaru mai shadda ne, amma ku da kuka san shi ku faɗi tsakaninku da Allah, wa ya taɓa kiransa haka a bayan idonsa? Alhaji A-Kashe kowa yake cewa. Ni ce autarsa, Hadiza, ni kaɗai nake iya faɗa masa sunan a gabansa in kwana lafiya.

Lokacin da kuɗin mai suka zubo ƙasar nan kowa ya haukace da sayen kayan wuta. Baba ma ya saya, don kada a ce ɗan kasuwa guda ya gaza. Amma a wurinsa saye daban, kunnawa daban. Firjinmu bai taɓa kwana a kunne ba. Ana sallame isha'i zai shigo ya zare wayar daga bango, Inna ta biyo shi tana mita.

"Alhaji, da zafin garin ga za ka kashe muna hirji?"

"Ruwan ya yi sanyi?"

"Ya yi."

"To mi kuma shika nema? Ƙanƙara za mu ci?"

Bai tsaya a gidansa ba, wallahi. Na taɓa raka shi barka gidan wani babban ma'aikaci a Arkilla. Maigidan ya shiga ciki ya kira iyalinsa su gaishe mu, kafin ya fito Baba ya bi falon kaf ya kashe na'urar sanyaya ɗaki da talabijin da duk wani ƙwai mai ci. Mutumin ya fito ya tarar da mu muna gumi, ya yi dariyar kunya ya ce ai Alhaji kada ka damu, gwamnati ke biya. Baba ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ashe. To yau na gano inda ciwon gwamnati yake." Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata, shi ko a jikinsa.

In ka ce masa marowaci sai ya ce, "Ni ba marowaci na ba, ɓarna ta ba ni so. Abin da ba shi aiki, a kashe shi." Kuma gaskiyarsa ce, don ƙwaryar tuwo ba ta taɓa yankewa a zaurenmu ba.

Akwai wani halinsa da sai kun tuna da shi labarin nan zai zauna. Yaya Bello ne ɗansa na fari, kuma Baba mutumin da ne, mai kunyar ɗan fari har ta yi yawa. Ban taɓa jin ya ambaci sunan Yaya ba. Ba ya kallon fuskarsa, ba ya yi masa magana kai tsaye. Ko suna kan tabarma ɗaya sai ya waiwayo ya ce, "Hadiza, hwaɗa ma wancan." Ni ce wayar tarhon gidan, da girmana, ina koyarwa a firamare.

Yaya malamin sakandare ne. A zamanin soja ya sayo kwamfuta ta hannu, wata ƙatuwa mai ƙeya, ya ajiye ta a ɗan ɗakin da ke jikin zaure, yana buga wa makarantu takardun jarrabawa in ya taso aiki. Ranar da ta shigo gidan aka buɗe sabon yaƙi. Yaya ya ce ba a yawan kashe ta, kashewa da kunnawa ne yake gajiyar da ita, kuma in an kashe sai ta ɗauki lokaci tana nishi kafin ta tashi. Barinta ake yi ta yi barci, fuskar ta yi duhu, da safe a taɓa ta ta farka.

Baba ya leƙa ɗakin ya ga wata 'yar wuta koriya tana ƙyaftawa.

"Hadiza, tambayi wancan, mi wagga wutar taka yi?"

"Ya ce barci take yi, Baba."

"Barci da ido buɗe? Ce mai ko zomo ta, gidana ba ta kwana tana shan wuta."

Daga ranar, Yaya ya bar ta tana barci, Baba ya bi baya ya zare waya. Yaya ya sa kwado a ƙofar, Baba ya je ya kashe wutar gidan gaba ɗaya daga wajen mita, muka kwana muna fifita da murfin kwano. Inna ta ce ita dai ta gaji, uba da ɗa ba sa magana amma sun iya faɗa.

Sai ranar da aka zo. Malamai sun daɗe suna kuka a kan haƙƙinsu, suka rubuta takardar koke mai zafi, kuma a ɗakin nan aka buga ta. Wata la'asar mota marar lamba ta tsaya a ƙofar gidanmu, mutane masu baƙin tabarau suka ce Yaya ya zo ya amsa tambaya. Suka kwashe takardu, suka ɗauki firinta. Yaya yana tsakiyar aiki. Yana sa takalmi ya waiwayo ya ce, "Ku bar ta kunne, yanzu zan dawo." Baba yana zaune a zaure da carbi a hannunsa, ko kai bai ɗaga ba.

Bai dawo ba ranar, bai dawo ba washegari. Aka je duk inda ake zuwa, kowa ya ce bai san zancen ba. Ni kam na yi kuka har na ji haushin Baba, don ban ga alamar komai a fuskarsa ba. Da isha'i ya yi zagayensa yadda ya saba, ƙyas, ƙyas, firji da fanka da ƙwan tsakar gida. Ina jinsa ya iso ƙofar ɗan ɗakin ya tsaya. Na jira ƙarar, ban ji ba. Ya ja ƙofar a hankali ya wuce.

Da safe na ce, "Baba, ka manta da kwamfuta."

"Ban mance ba. Mai ita ya ce a bar ta."

To fa. Mutumin da ya hana firji sakat, shi ne ya zama mai gadin kwamfuta. Da bazara ta kama, garin ya zama tanda, sai ya ji wani ya ce zafi yana kashe irin waɗannan injuna. Ya ɗauko fankar ɗakinsa, wadda ko baƙo ba ya kunna wa sai ya ga ya fara jiƙewa, ya kafa ta a gaban kwamfutar tana hura mata iska ba dare ba rana. Shi ya koma kwana a tsakar gida. Inna, duk da halin da take ciki, sai da ta yi dariya. Ta ce, "Tun da aka kawo ni gidan ga ban samu wanga gatan ba. Da na sani da akwati niz zo duniya."

In masu wuta sun ɗauke, kwamfutar takan mutu mana, in sun kawo ta tashi da kanta tana nishi. Wata rana na gaji na ce masa, "Baba, ai tun ranar da aka fara ɗauke wuta aikin da Yaya yake yi ya goge. Babu komai a ciki da kake tsaro. Kuma ga shi tana mutuwa kullum."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Na tambaye ki abin da ke ciki? Masu wuta sunka kashe, tsakaninsu da Allah. Hannun gidan ga dai ba shi taɓa ta."

Ranar na gane. Ba zai iya cewa yana kewar ɗansa ba, bakinsa ba zai iya ɗaukar sunan ba ma. Abin da ya rage masa shi ne makunnin nan. A wurinsa duk wanda ya danna shi ya yarda ke nan Yaya ba zai dawo ba. Na shiga ɗaki na yi kuka na daban, na kuma daina jin haushinsa.

Watanni suka tura. Kawu Sani, ƙanen Inna, ya zo da jita-jitar da ya tsinto a tasha, wai waɗanda aka kai kudu ba duka suka rayu ba. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce a yi haƙuri, a yi sadaka, a rufe ɗakin nan haka, kada ganinsa ya riƙa tayar wa Inna da hankali. Yana magana yana matsawa wajen soket. Baba ya ce, "Sani, sadaka kullum muna yi. Amma in yatsan ga naka yat taɓa bangon ga, yau za ka san shadda ba ita kaɗai na iya yankewa ba." Kawu ya mayar da hannunsa aljihu, ko ruwan da aka kawo masa bai tsaya sha ba.

Babbar ranar ita ce da masu tabarau suka dawo. An gaya musu wai ba firinta ke riƙe magana ba, akwatin kwamfutar ne, sai suka zo ɗaukarsa. Sun yi rashin sa'a, ana fitowa daga sallar azahar suka iso. Baba ya ja buzunsa ya shimfiɗa a bakin ƙofar ɗan ɗakin, ya miƙe ƙafafu ya tokare ta.

Babbansu ya ce, "Alhaji, tashi ka kashe injin nan, za mu tafi da shi."

"Yaro, tambayi unguwar ga. Ba abin da ban kashe ba, har na gidan mutane. Wagga kam ba ni kashe ta."

"Umarni ne daga sama."

"Ni ma umarni gare ni. Mai ita ya ce a bar ta, yanzu shi dawo. Ku kunka tahi da shi. Ku maido shi shi kashe abinai, sannan ku ɗauka. In kuwa sauri kuka yi, ga ni, ku tsallake ni."

Zauren ya cika da mutanen masallaci, har waje. Suka tsaya kawai suna kallo. Wane ne zai ɗaga ƙafa ya tsallake dattijo mai furfura a gaban jama'ar unguwarsa? Ina bayan labule ina jin fankar nan tana ta aikinta. Mutumin ya dubi Baba, ya dubi jama'a, ya ce za su dawo. Baba ya ce, "Ku taho da shi in za ku dawo." Ba mu sake ganinsu ba.

Da mulki ya sauya aka fara sakin mutane. Wani hantsi motar haya ta sauke wani ramamme mai gemu a ƙofar gida, sai da ya yi sallama na gane muryar Yaya. Inna ta fito ko mayafi babu, maƙwabta suka cika gidan, ana kuka ana hamdala. Yaya ya ratsa ya je ya durƙusa a gaban Baba a zaure. Baba yana kallon carbinsa. Na ga ko ƙwaya ɗaya bai ja ba.

Can ya ce, "Hadiza."

"Na'am, Baba."

"Hwaɗa ma wancan mun gaji da yi mai gadi. Shi tashi shi kashe abinai."

Yaya ya miƙe ya tura ƙofar. Ya ga fankar Baba, ya ga 'yar koriyar wutar tana ƙyaftawa, ya daɗe a tsaye. Sannan ya sa yatsa ya danna. Gurnanin da muka saba da shi har muka daina ji ya tsaya, zauren ya yi tsit. Baba ya tashi ya shiga ya kashe fankar da kansa, ya fito yana goge fuska da hannun riga, ya ce iskar wagga hwankar ta lalata mai ido. Babu wanda ya ƙaryata shi.

Kada ku ce ya canza. Bayan kwana biyu Yaya ya bar ta tana barci, Baba ya bi baya ya zare waya, aka koma gidan jiya. Haka suka yi ta yi har ƙarfinsa ya ƙare, kuma har ya koma ga Allah ban ji sunan Yaya a bakinsa ba.

Yanzu ni ce nake bin 'ya'yana ina kashe ƙwai, suna ce mini Hajiya A-Kashe, ina jin daɗin sunan. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya saka masa da jiran da ya yi. Ya Allah, bawanka bai yi ɓarnar haske a duniya ba. Ka haskaka masa kabarinsa, ka bar masa shi a kunne. Amin.