Ranar da Ashana Ya Kwanta a Tsakiyar Fili

Mai gyaran takalmi na bakin layinmu ne ya fara gaya mini. Na kai masa silifas, ya ce, "Inna, kin san autanki Ashana ake ce masa a filin ƙwallo? Ƙyas ɗaya ya kama." Na ce a'uzubillahi, wane autan? Yaron da ko kaza ce ta shiga ɗakinsa sai ya ba ta haƙuri kafin ya kore ta?

Ashe gaskiya ne. Shi dai mai walda ne, tun yana ɗan mitsitsi yake bin kawunsa shago. Da la'asar sakaliya ya wanke fuska ya tafi tsare wa ƙungiyar unguwa baya. Ka taka shi, ka yage masa riga, murmushi zai yi. Amma abokan karawa sun gano lagonsa: sana'arsa. Mutum ya matso kunnensa ya ce, "Maigida, ƙofar nan da ka yi mana, da yawu ka liƙa ta?" Shi ke nan, sai mari, sai jan kati. Har koci ya gaji ya rantse: in ya ƙara karɓo ja, ya ajiye rigar har abada.

Autan nawa ya same ni a kan darduma, idonsa jawur, kuma ba na walda ba. Na ce, "Malam ya karantar da mu, in fushi ya zo kana tsaye, ka zauna. In ya ƙi tafiya, ka kwanta."

Ya ce, "Inna, a fili fa?"

Na ce, "To, a ina Shaiɗan ɗin yake samunka? A masallaci?"

Ranar wasa aka haɗa shi da wani dogo, direban tifa, baki kamar reza. Ana tsaka da wasa dogon ya ce, "Ashana, tagar da ka yi wa surukina, jiya iska ta tafi da ita, har yanzu ana cigiya." Hannun yaro ya tashi da kansa, sai ya tuna. Ya zauna daɓas a ƙasa. Dogon ya sunkuyo: "Gadon ƙarfen ma kyanwa ce ta hau ya karye." Ashana ya miƙe ƙafa ya kwanta, ya rufe ido.

Alƙalin wasa ya waiwayo, ya ga mutum shame-shame, ga ƙato a kansa. Ya busa usur, ya ɗaga wa dogo jan kati. Dogo sai rantse-rantse yake, koci kuma yana ihu daga gefe, "Kar ka tashi! Don Allah kar ka tashi!"

Ɗan albarka ya tashi ya kakkaɓe wando. "Ranka ya daɗe, wallahi bai taɓa ni ba. Inna ce ta ce in kwanta."

Alƙali ya dube shi sama da ƙasa, ya sa hannu a aljihu. Sai ga kati mai ruwan ɗorawa, wai na faɗuwar ƙarya. Dogo kuma aka yafe masa. Ɗorawa dai ba ja ba ce, riga ta tsira.

Har yau yana bugawa, sai dai koci ya roƙi arziki ya riƙa bari ƙwallo ta fita kafin ya zauna. Yanzu haka yana shago yana yi wa dogon nan ƙofar gida. Ya ce sai ya bi kowace gaɓa sau biyu, ya ga bakin da zai sake magana.