Abin Da Ya Tokare Mini Maƙogwaro A Guangzhou

Shekarun baya ne, shekarar da China ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik. Ina Guangzhou a lokacin, ina sarin wandunan jins a Xintang, wani gari da ke gefen birnin, ina aikawa Kano. Na daɗe ina son in ba ku wannan labarin, sai in fara in ajiye. Yau dai na ce bari in ƙarasa shi.

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata. Wanda ya tashi a irin gidanmu ya san abin da hakan yake nufi. Ba ta kama sunana, ba ta zama inda nake zaune, ba ta yi mini magana kai tsaye sai dole. Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, a can na girma. In tana da saƙo sai ta ce wa ƙannena, "Ku gaya wa yayanku tuwonsa na nan a rufe." Kunya ce, kowa ya sani, ni ma da na yi hankali na sani. Amma zuciyata ba ta taɓa karɓa ba. Ina kallo ƙannena suna hawa cinyarta, ni kuwa iyakata bakin ƙofa: in durƙusa, in ce ina kwana, ta ce lafiya, in tashi. Da na zama mutum sai na rama ta hanyar da ba mai zargina. Ina aika mata atamfa da turare da duk abin da ya kamata, amma ban taɓa cika minti biyar a gabanta ba. Ko daga China na kira, da ƙanwata nake magana, in ce a gaishe ta.

Ana saura 'yan makonni a fara wasannin, ƙanwar tawa ta kira ni.

"Yaya, jikin Inna ya yi nauyi. Likita ya ce a dawo da ita gida."

Na gane abin da likitan yake nufi. Na so in kama hanya, amma a shekarar an tsananta maganar biza ga baƙi, fasfona kuma yana can wurin sabuntawa, ba ranar fitowa. Ba fasfo, ba jirgi.

Ta ce, "To ka yi magana da ita. Tana gane mutane, tana magana. Ka nemi yafiyarta tun da sauran lokaci. Kowa ya nema, kai kaɗai ka rage. In ba ta wayar?"

Na ce, "Bari, ina cikin mutane. Zan kira gobe."

Ba kowa a ɗakin sai ni da fanka.

Washegari na tashi da wani abu a maƙogwarona kamar na haɗiye ƙwallon goruba ya ƙi wucewa. Murya ta dushe, sai raɗa. Abinci ma da ƙyar yake shiga. Na ɗora laifin a kan ƙurar yadin jins, don a shagunan ɗinkin Xintang in ka wuni, ko hanci ka fyace shuɗi za ka gani. Na sha citta da kanumfari, na sha zuma, na sha wani baƙin shayin ganye da mutanen garin ke sayarwa a bakin titi, mai ɗacin da ya fi maɗaci. Abokina da muke ɗaki ɗaya, mutumin Maraɗi ne, ya yi mini tofi a ruwa, ya kuma raka ni asibiti. Likita ya haska fitila, ya leƙa, ya sake leƙawa, ya girgiza kai ya ce, "Meyo, meyo." Wato babu komai.

A hanyar dawowa abokina ya ce, "Bakano babu murya? To ai jari ya ƙare. Da mi za ka cuci laoban yanzu?"

Laoban shi ne mai shago da yaren China. Na yi dariyar da ba ta da sauti. Abin da bai sani ba shi ne ciwon ya yi mini rana. Kullum ƙanwata ta kira ta ce za ta ba Inna wayar, sai in yi raɗa in ce, "Kin ji dai muryata. Bari ta dawo." Haka na ci kwana takwas.

A benen da muke haya akwai wani dattijo Ba'indiye, shi ma jins yake sara, mota ɗaya muke shiga zuwa Xintang. Kowace safiya in na hau rufin bene shanya, sai in tarar da shi a kan 'yar shimfiɗa, ya harɗe ƙafa, ido a rufe, yana wani gunji kamar ƙudan zuma. Ni da abokina mun sha yi masa dariya a bayan ido. Yoga suke ce wa abin.

A rana ta tara, ina shanya, ya buɗe ido ya gaishe ni. Na amsa da hannu. Ya ce da guntun Turancinsa irin nawa, "Ɗan'uwa, har yanzu? Zo ka zauna."

Kunyar furfurarsa ta sa na zauna. Ya buɗe jakar samfurinsa ya ɗauko wani dogon zif ya shimfiɗa a tsakaninmu, ya ce wannan ƙashin bayanka ne. Sai ya ɗebo maɓallan wando guda bakwai yana jerawa a kai daga ƙasa zuwa sama. Ya ce a iliminsu na gado, jikin mutum yana da mahaɗa bakwai da ƙarfin rai ke bi yana hawa, sunansu cakra, ma'anarsa abu mai juyawa kamar ƙafar keke. Na farko yana can ƙarshen ƙashin baya, inda tsoro da tsayuwar mutum suke. Akwai na ƙasan cibiya, akwai na samanta inda wutar zuciya da ƙarfin hali ke zama. Ya taɓa na huɗu ya ce wannan ƙirji ne, gidan ƙauna da baƙin ciki. Na shida tsakanin gira, na bakwai tsakar ka. Ya tsallake na biyar da gangan, sannan ya dawo ya ɗora yatsa a kansa.

Na tattaro 'yar muryar da ta rage na ce, "Baba, ni fa Musulmi ne."

Ya ce, "Na sani. Ta bango nake jin sallarku kowace asuba. Na ce ka yi wa wani sujada? Maƙogwaron naka ne ko nawa?"

Ya ce na biyar ɗin nan shi ne maƙogwaro, ƙofar magana. Duk abin da ya taso daga ƙirji, ta nan zai bi ya fita. In mai gida ya rufe ƙofar, kayan ba sa komawa, a nan suke taruwa. Ya ce in rufe baki, in ja numfashi, in sake shi a hankali da gunji irin nasa. Na waiga ko abokina yana kusa, sannan na gwada. Abin da ya fito ya fi kama da janareta mai neman mai. Bai yi dariya ba. Na yi sau uku, sau huɗu, ina jin wurin yana rawa, har idona ya kawo ruwa ban san dalili ba.

Sai ya ce, "Wace magana ce ta zo nan ta tsaya? Kuma wa ke jiran ta?"

Ban san abin da ya sa na gaya masa ba. Wataƙila don ba Bahaushe ba ne, ba zai ce mini ai al'ada ce ba. Cikin raɗa na ba shi labarin mahaifiyata da bakin ƙofa da wayar da nake gudu. Ya saurara har na gama, yana mayar da maɓallansa cikin jaka ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Kai kana cewa sai murya ta dawo za ka kira ta. Ni ina ganin sai ka kira ta muryar za ta dawo. Kada ka daɗe."

Na daɗe. Nan ne inda har yau nake cizon yatsa. Na ce a raina ba zan bar wani mai gunjin zuma ya tsara mini yadda zan yi da uwata ba. Na shiga mota na tafi Xintang, na wuni ina duba ɗinkin aljihu. Na ƙara kwana guda.

Washegari da rana na kasa riƙewa, na gaya wa abokina komai. Ya ajiye cokalinsa ya dube ni, babu wasa a fuskarsa.

"Kwana goma? Kai, ka ji tsoron Allah. Sai da Ba'indiye ya jera maka maɓalli kahin ka san abin da kowace tsohuwa a Maraɗi ta sani? Mi kake jira? Kawo wayar."

Shi ya danna lambar da hannunsa. La'asar ta kusa a wurinmu, a Kano kuwa hantsi ne. Ya miƙo mini, ya fita ya ja ƙofa.

Ƙanwata ta ɗauka. Na ce ta ba Inna.

Ta ce, "Yaya, tun jiya da yamma bakinta ya rufe. Idonta biyu, amma ba ta magana."

Jiya da yamma. Da safen jiya tana magana, lokacin ina duba aljihun wando.

Na ce, "Sa mata a kunne."

Na ji motsin wayar, na ji numfashi mai nauyi. Na buɗe baki, abin ya taso ya tokare kamar zai shaƙe ni. Na ja numfashi na sake shi a hankali yadda dattijon ya nuna mini, sannan na ce, "Inna." Ban taɓa kiran ta da wannan sunan a gabanta ba, sai ranar. Na ce, "Ni ne. Ki yafe mini. Na daɗe ina zaton ba kya so na, shi ya sa nake gudun zama da ke. Na san tuwon da ake rufe mini ke kike zaɓar naman. Na sani tun da daɗewa, girman kai ne ya hana ni. Ki yafe mini don Allah."

Muryar da ta fito ba kyau, a tsage take, amma murya ce. Na yi ta magana har katin wayar ya ƙare. Daga can ɓangaren ban ji komai ba sai numfashi.

Kwana biyu bayan haka Allah ya karɓi abarsa. Kafin in gama sanar da mutane an riga an kai ta. A ɗakinmu aka yi zaman gaisuwa, 'yan Kano da 'yan Yamai da 'yan Gana suka cika shi har baranda. Dattijon ma ya zo, ya cire takalmi, ya zauna daga bakin ƙofa. Ana ce mini ya haƙuri ina amsawa da bakina, kowa yana ji. Amma abin da ke cina daban ne: ta ji ni ko ba ta ji ba?

Sai bayan arba'in fasfona ya fito na isa gida. Da muka keɓe da ƙanwata na tambaye ta. Ta ce kwana biyu Inna ba ta ɗaga hannu ba, ko ruwa sai an ɗiga mata. Amma da na fara magana, sai ta ga yatsunta suna lalube a kan katifa. Ta zaci ciwo ne. Ashe bakin mayafinta take nema. Ta kamo shi, ta ja a hankali, ta rufe fuskarta.

"Ta ji ka, Yaya," in ji ta. "Kunyarka take ji."

Ban koyi yoga ba, ban kuma sake hawa shimfiɗar dattijon ba. Ko akwai wasu abubuwa bakwai masu juyawa a jikin mutum, ni ban sani ba. Likita ya haska bai gani ba, ni kuma karatuna bai kai in yi musu da kowa ba. Abin da na sani shi ne na biyar ɗin, zan iya ɗora yatsa a kansa ido a rufe. In na yi wa wani laifi na fara cewa sai gobe, a nan nake fara ji, kuma na daina jiran goben.

Ba na zagin al'adarmu. Ita ma haka uwarta ta yi mata, da abin da ta iya ta so ni. Laifina ne da na san haka na zauna ina jiran ta fara.

Wasu suna da kalmar da iyayensu suka bar musu, "Na yafe maka duniya da lahira." Ni ban samu ba, na makara da yini ɗaya. Abin da na samu shi ne tsohuwar da ba ta iya ɗaga hannu ta ɗaga, ta rufe fuska saboda ɗanta na fari yana magana. Da shi nake zaune har yau. Allah ya jiƙan ki, Inna.