Hannun Hagu a Aljihu

A layinsu in ka ce kana neman mai gyaran wuta, sai an tambaye ka wanne. Amma in ka ce Mai Aljihu, ko mai shagon bakin titi zai nuna maka ƙofar gidansa. Hannunsa na hagu ne ya jawo masa sunan, don da wuya ka gan shi a waje. In ya tunkari akwatin mita, hannun na aljihun wando. Har wurin gaisuwa yakan manta, ya miƙa wa dattijo hannu ɗaya maimakon biyu, wasu su ce girman kai ne. Alhali tsoro ne tsagwaronsa, tsoron da ya daɗe har ya zame masa jiki.

Wurin wani tsoho mai faɗa ya koyi sana'ar, kuma darasin farko bai taɓa barin bakin Mai Aljihu ba. Duk gidan da ya je aiki sai ya maimaita shi, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

"Wuta ba ta fita sai tana da hanyar komawa," yakan ce. "Ta zo ta waya ɗaya, ta ratsa kwan fitila, ta koma ta ɗayar. Ka katse hanyar ko ta ina, kwan ya mutu. Aikin makunni ke nan. Kuma ba ruwanta da abin da za ta ratsa, kwan fitila ko ɗan'adam. Ka kama da hannu biyu, ta shiga dama ta fita hagu, zuciyarka kuwa tana tsakiya."

Shi ya sa yake ɓoye hagun. Shi ya sa kuma takalminsa mai kaurin roba ba ya fita daga ƙafarsa sai zai kwanta, don kada wuta ta bi jikinsa ta gangara ƙasa. In yana shakkar ƙarfe, da bayan hannu yake shafa shi, saboda wuta dunƙule yatsu take yi, ta sa ka riƙe abin da ke neman halaka ka. Da waɗannan 'yan dabaru ya yi furfura a cikin wayoyi ba tare da ko tabo ba. Mutum ne mai tausayi, ya sha haɗa wa gwauraye da tsofaffi fitila ya tafi ko ruwa bai sha ba. Sai dai in ya dawo gida, jakar aiki bayan ƙofa take kwana, ba ya ko son kallonta.

Matarsa sana'ar ƙanƙara take yi. Da tsohuwar firizarta da ke kusurwar kicin ta ɗauki rabin nauyin gidan, har yaransu suka girma suka kama gabansu. Ranar da aka kawo firizar, filoginta mai ƙafa uku ne, soket ɗin bango kuwa mai rami biyu. Mai Aljihu ya ciro filaya ya cire ƙafa ta uku, wadda ke kwashe wutar da ta ɓalle ta zubar da ita cikin ƙasa. Ya ce na wucin gadi ne, ran hutu zai sake soket. Ran hutun ya zo ya wuce ba adadi.

Da firizar ta tsufa, sai matar ta fara ƙorafi.

"Malam, abin nan fa yana cizona."

Ya tashi ba musu, ya je ya shafa murfin da bayan hannu, takalmi a ƙafa, hagu a aljihu. Bai ji komai ba.

"Maman yara, sanyi ne kawai. Hannunki ne ya gaji da ƙanƙara."

"Yanzu ni ce ban san sanyi ba?"

"To ai ga shi na taɓa. Da da wuta, ni zan fara sani."

Haka suka yi ta yi. Ta faɗa, ya shafa, ya yi dariya. Ba ƙarya yake yi ba, kuma ba rashin kula ba ne. Abin da bai lura ba shi ne, ya riga ya toshe duk hanyar da wuta za ta bi ta jikinsa, ita kuwa ƙafarta tsirara take aiki a kan jiƙaƙƙen siminti. Daga baya ta daina faɗa, ta koma naɗe hannu da tsumma kafin ta buɗe. Abin ya yi mata ciwo, don mutumin da ke tashi tsaye saboda fitilar maƙwabta shi ne ya mai da maganarta wasa.

Wata safiya ta wanke kicin, tsumman kuma yana kan igiya bai bushe ba. Yana tsakar gida yana ɗaure jaka a bayan keke ya ji wani sauti da bai yi kama da kira ba. Ya leƙa, ya gan ta tsaye cikin ruwan wanki, yatsunta sun dunƙule a marikin firiza, jikinta na karkarwa, baki buɗe amma magana ta ƙi fita.

Hannayensa biyu suka yi gaba da kansu za su rungumo ta. Saura kaɗan ya taɓa ta ya ja baya, don ya san in ya kama ta, su biyu za a tarar. Filogin na bayan firiza, babban makunni kuma na can waje. Ya sunkuci 'yar kujerar katako da ke a bushe a bakin ƙofa, ya maka wa hannunta da ƙarfin da bai taɓa zaton zai ɗaga a kanta ba. Ta zube gefe. Ya janye ta daga ruwan yana kiranta, har ta ja wani dogon numfashi.

A asibiti aka ce ta auna arziki. Tafin hannun ya ƙone, tsintsiyar hannun kuma ta tsage inda kujera ta same ta. Da aka kwantar da ita, ya koma gida ɗauko mata kaya, amma sai ya wuce kicin. Ya buɗe jakar nan da ba ya buɗewa a gida, ya ciro testa, 'yar na'urar gwada wuta, ya ɗora bakinta a jikin firizar. Ta kama ja wur. Ya dubi takalminsa, ya dubi silifas ɗinta da ke ajiye a bakin ƙofa, ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin wanda rabonsa da shi tun rasuwar mahaifiyarsa. Bai fita ba sai da ya kashe wutar gidan, ya sake soket da filogi, ya ja waya ta uku har cikin ƙasa. Aikin da ya yi shekaru yana ɗagawa bai kai shi azahar ba.

Ya same ta ta farka, hannun dama naɗe da bandeji. Ya ja kujera kusa da gado.

"Maman yara, da wuta a jikin firizar. Tun tuni da wuta. Ki yafe mini."

"Ai na faɗa maka, Malam."

"Kin faɗa."

Ya kamo hannunta mai lafiya ya riƙe gam. Ta daɗe tana kallon yadda ya rufe shi cikin tafukansa, dama a sama, hagu a ƙasa, sannan ta yi ɗan murmushi, idonta cike da hawaye.

"Ashe dai hannu biyu gare ka," ta ce.