Tauraro Takwas Biyu a Hannun Ubale

A Kiru, idan aka ambaci Ɗantani mai facin keke, kafin a tuna facinsa sai an tuna ranar da tauraro takwas ya fito sau biyu a karta ɗaya. Kowa ya san guda ne tak. Abin da ya ƙara dagula lamarin, duka biyun a hannun baƙo suka faɗo, Ubale na Doguwa, mutumin da ko kallon banza ba ya ɗauka.

Wajen shekarar tamanin da bakwai ne. 'Yan majalisar gindin ɗorawa kan buga karta bayan la'asar, ba ta kuɗi ba, wanda aka ci dai a kifa masa sakaina a ka har a gama zagaye. Ɗantani ke ajiyar kartar, don shi ne zai kulle shago ya yi nisa, ya dawo ya girgiza kwaɗo, ya tafi, ya sake dawowa. An san a hannunsa ba abin da zai ɓata, shi kuwa da wannan shaidar yake taƙama.

Ana gab da zuwan 'yan Doguwa ramuwar wasa, akuyar matarsa Saudatu ta tauna tauraro takwas ta haɗiye. Sabuwar karta sai an je Kano, ga shi bakinsa ya ƙi furta wa kowa. Ya zazzage gwangwanin da yake tara ragowar tsofaffin karta, ya sami irin katin har biyu. Ɗaya shuɗin bayansa ya koɗe. Ɗayan launinsa daidai, amma sabo ne fil, sai ƙyalli yake. Katin da ake ganewa ta baya kuwa alama ce. Baƙi za su ce 'yan Kiru sun shirya maguɗi, kuma a gaban jama'a za a karɓe ajiyar daga hannunsa.

Ya jera su a tabarma, ya duba a rana, ya duba a inuwa. Abinci ya daina shiga.

"Malam, tuwon nan fa ya huce," in ji Saudatu.

"Zo ki duba min, wanne ya fi kama da sauran?"

"Duk takarda ce. Ita ma akuyar ai ba ta zaɓa ba."

Sai ya shiga gyara. Sabon ya cusa shi cikin hula, yana faci gumi na dafa shi. Koɗaɗɗen ya goga masa bular wankin Saudatu. Aiki ya yi kyau fiye da kima: sabo ya tsufa, tsoho ya farfaɗo, zaɓi ya ƙara wuya.

Ranar wasa ya ce bari ya gwada idonsa. Ya zuba duka biyun cikin karta ya cakuɗa, wai wanda ya fara tsone masa ido shi zai cire. Ya bi bayansu ɗaya bayan ɗaya, bai gane ko guda ba. Yana cikin haka aka ce baƙi sun sauka a tasha. Ya yi wuf ya jefa kartar aljihu ya fita ko kwaɗon bai girgiza ba.

Ana tsakiyar wasa Ubale ya jefa tauraro takwas, ya dubi hannunsa, ga wani. Ya dangwara shi a tabarma.

"Ni za ku mayar ɓarawo a garinku? Wa ke riƙe da kartar nan?"

Ɗantani ya miƙe, ya zayyana komai, tun daga akuya har bula. Ubale ya kifa katunan biyu cikin sauran, ya juya, ya shinshina, ya kasa fitar da su. Dariya ta ƙwace masa.

"Mai wannan wahalar ba maguɗi ya nufa ba. Ku bar masa ajiyarsa, amma yau sakaina tasa ce."

Haka Ɗantani ya zauna da ita a ka har magariba. Ajiya ta ci gaba da zama a hannunsa, akuya kuwa aka ɗaure ta.

Har ya yi furfura, in an kawo faci akan tsokane shi: "Baba Ɗantani, taurari nawa ne yau?"

Sai ya ajiye famfo, fuska cike da damuwa, ya ce, "Ku kuna dariya. To ku faɗa min tsakani da Allah, wanne ya kamata in cire?"