Inna Salbiah Mai Tankaɗe Iska

Da hantsi Inna Salbiah, jami'ar awon ƙura, take isa masana'antar tace ragowar yashin kuza da ke bayan garin Kampar, shinkafar kwakwa naɗe cikin ganyen ayaba a hannu ɗaya, na'urarta a ɗayan. Na'urar kamar jeren kwanukan abinci take, faifai bisa faifai. Idan ta zuƙi iska, ƙura mai gauri ta tsaya a sama, mai laushi ta gangara ƙasa. Yashin nan yana fitar da tururi irin na nukiliya. Ƙurar faifan sama, in ji ta, hanci ke tare ta a fyace. Ta faifan ƙarshe ita ce ke sauka cikin huhu ta zauna.

Babana Muniandy a rumfar busar da yashi yake aiki, tawul ɗaure a hanci. Ranar da ta fara auna iskar rumfar, awo ya fito tas. Da ta yarda da shi, da ba wanda zai ƙara waiwayar wurin. Sai ta dubi ƙasa, ta ga danshi.

"Muniandy, wa ya yi wa rumfar nan wanka?"

"Haba Yaya, baƙuwa guda za ta zo, mu tarbe ta da datti? Tun asuba muke shara da yayyafi."

"Ni surukarka ce? Dattin na zo gani, malam!"

Aka yi dariya. Ita kuwa ta riƙa dawowa ba sanarwa, ta zauna kan buhu, har suka gaji da yi mata kara suka koma aiki yadda suka saba. A nan faifan ƙarshe ya faɗi gaskiya. Bayan haka aka sa injin zuƙe ƙura, aka karɓe tawul aka raba takunkumin da ke tare mai laushin.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Inna, mai tankaɗe iska, ke ce kika ƙi karɓar karramawar shara da yayyafi don mutane su sha numfashi. Mun gode, Allah ya saka miki. Masu tasowa a wannan aiki, in kun ga awo ya yi kyau, ku fara duban ƙasa.

Babana ya tsufa yanzu. Amma jiya shi ya hura wa jikokinsa balan-balan, bai tsaya ya yi tari ba.