Ƙofar Mandawari

Talata: Kano zuwa Kaduna

Ƙarfe biyar da rabi na fito daga gida, ana idar da sallar asuba a masallacin bakin layinmu na Mandawari. Maigidana ne ya ɗauke ni a babur zuwa tashar Unguwa Uku. Da muka zo fita ta Ƙofar Ɗan Agundi na ɗaga kai na kalle ta, don ƙofa ce ta ja mini wannan tafiyar.

Ga yadda aka yi. Shekara tara ina koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata ta gwamnati a cikin birni. Kwamfutocinmu shida ne, biyu ke tashi, su ma sai sun ga dama. Zangon da ya wuce na ba 'yan aji biyar aiki, kowacce ta buga mini shafi guda kan ƙofofin Kano. Wata yarinya mai suna Ummi ta kawo nata da Turanci mai santsi, an tsara shi tsaf. Na ba ta makin da ya fi na kowa, na manna takardar a allon sanarwa. Ban karanta ba. Layin farko da na ƙarshe kawai na duba. Ashe a wayar yayanta ta tambayi manhajar ƙirƙirarriyar basira, wadda yara ke kira AI, wadda za ka rubuta mata tambaya ta amsa maka kamar mutum. Manhajar kuwa ta ƙara wa Kano ƙofa guda, wai Ƙofar Mandawari, har da sarkin da ya gina ta.

Ranar raba sakamako kakan Ummi, Baba Alhaji Ɗanlami, ya zo. Tsohon mai raba wasiƙu ne, babu lungun da bai taka ba a birnin nan. Ya tsaya gaban allon ya karance takardar tas, sannan ya kira ni a gaban iyaye.

"Malama, a ina aka haife ki?"

Na ce, "Mandawari, Baba."

"To, nuna mini ƙofar, in je in shiga ta kafin in mutu."

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa kunya ta sa na ce yarinyar ce ta yaudare ni. Tun daga ranar Ummi ba ta sake ɗaga hannu a ajina ba. Iyaye suka ce a rufe darasin kwamfuta gaba ɗaya, ba za a koya wa 'ya'yansu ƙarya ba. Shugabarmu, Hajiya, ta sa taro ranar Asabar, ta ba ni sunan makarantu biyu da suka fara koyar da AI, ɗaya a Kaduna ɗaya a Zariya. Ta ce, "Je ki gano yadda suke yi. In kika dawo hannu rabbana, ni ba zan iya tare miki Baba Alhaji ba."

Motar ba ta cika ba sai bakwai saura. Na sayi ƙosai na kasa ci. Bayan mun wuce shingen Kwanar Ɗangora direban ya ji ina waya da Hajiya, ya leƙo ta madubi.

"Malama, wai AI ɗin nan da ke sa mutum ya faɗi abin da bai faɗa ba a bidiyo? Shi za ku koya wa yara?"

Na ce, "Kalli hanyarka, bawan Allah." Ai kuwa ya buɗe majalisa. Wani ya ce a hana, wani ya ce wanda ya hana an bar shi a baya, har Tashar Yari ana abu ɗaya.

Sha ɗaya saura muka sauka a Kawo, na hau a-daidaita zuwa makarantar. Hajiya ta riga ta yi musu waya, saboda haka na tarar an share ko'ina, har da lemo a faranti. Malamin, Malam Nura, matashi ne mai fara'a. Ya buɗe mini ɗakin na tsaya turus. Sola a rufi, fanka na juyawa, kowane yaro da na'urarsa a gabansa. Tsarinsu shi ne kayan aiki tukuna, yaro ya taɓa da hannunsa kullum. Kuma wallahi yaran sun iya. Wasu 'yan mata uku sun koya wa na'ura bambance ganyen tumatir mai ciwo da mai lafiya, da hotunan da suka ɗauko da kansu.

Na ce a tambayi manhajar AI ƙofofin Kano. Wani yaro ya buga, amsa ta zubo, ya kwafe ta a littafi kafin in gyara mayafina.

Na ce, "Malam, wa ke duba ko gaskiya ta faɗa?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Muna koya musu yadda za su yi tambaya mai kyau. Dubawar, gaskiya, sai a aji shida muke shirin fara ta."

Ban ga laifinsa ba. Amma na fito ina tambayar kaina. Me zan kai gida? In ce wa iyaye a sayo mana sola, ni da biyu daga cikin shida ke tashi? Kuma ko an sayo, Ƙofar Mandawari tana nan daram.

Ƙarfe uku na shiga motar Zariya, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci. Na sauka gidan Gwaggona a Tudun Wada. Ta tuƙa tuwon masara da miyar kuka, ta zauna tana kallona ina juya loma. Ta ce, "Ke Binta, korar ki aka yi ne?" Na ce tukuna dai.

Laraba: Zariya

Wannan makarantar lambar da aka ba Hajiya ba ta shiga ba, don haka babu wanda ya san da zuwana. Ƙarfe tara na isa. Babu lemo, babu shara ta musamman. Maigadi ya nuna mini wani aji mai fasasshen taga, ya ce Malam Isyaku na ciki.

Dattijo ne mai furfura, alli duk a hannun rigarsa. Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce, "Zauna a baya, Malama, kin zo ranar shari'a."

Kayan aikinsa duka waya ce guda ɗaya, tasa, gilashinta a tsage. A makon jiya sun tambayi manhajar yadda ake jima, wato gyaran fata, ya rubuta amsar a allo, kowa ya kwafa ya tafi da ita gida neman shaida. Yau kuma ake karanta ta jimla jimla, ana tambaya, wa ke da shaida? Wata ta ɗaga littafi daga ɗakin karatu. Wani ya ce kawunsa majemi ne, ya karanta masa, ya ce jimla ta biyu da ta uku daidai ne, amma ta huɗu wanda ya rubuta ta bai taɓa jin warin majema ba. Aji ya ɗauki ihu. Malam ya ja layi a kan jimlar, ya rubuta sunan kawun a gefe. Jimlar da babu mai shaida a kanta ba su ce ƙarya ce ba, alamar tambaya suka sa mata.

Da aka fita hutu na ba shi labarina, amma na tsallake wajen da ban karanta ba. Ya ce, "Ni na'urar ba ta dame ni ba. An ɗura mata rubutun mutane ne, tana haɗa abin da ya yi kama da amsa. In ba ta sani ba ma ba ta yin shiru. Ke da kika duba aikin, ba ki ga ƙofar ba?"

Na sunkuyar da kai. Bai sake tambaya ba.

Shi ma bai ɓoye mini raunin nasa tsarin ba. Ya ce yaransa sun iya kama ƙarya, amma da yawansu ba su taɓa buga tambaya da yatsunsu ba, kuma ranar da suka haɗu da 'yan Kaduna a jarrabawa za su sha wuya. Ya ce, "Kada ki kwafe ni yadda yarinyarki ta kwafi na'ura. Kina da kwamfuta biyu, kin fi ni."

Alhamis: komawa gida

Ƙarfe takwas na bar Zariya da ƙullin dambun da Gwaggo ta cusa mini a jaka. Taya ta fashe mana kusa da Kura, muka yi minti arba'in a gindin bishiya. A nan na rubuta tsarina a bayan takardar Hajiya: su buga tambaya da hannunsu a kwamfutocin nan biyu kamar 'yan Kaduna, su kai amsar gida neman shaida, a sa ranar shari'a kamar 'yan Zariya. Rubutun bai yi wuya ba. Abin da ya hana ni sakat shi ne abin da zan fara faɗa kafin in karanta shi. Sha biyu da rabi na shigo Mandawari.

Asabar: taron

Ƙarfe goma ɗakin taro ya cika. Baba Alhaji na gaba da sandarsa, Ummi da sauran 'yan ajin na tsaye a baya. Na miƙe.

Na ce, "Kafin komai, rannan na ce Ummi ta yaudare ni. Ba haka ba ne. Ita ba a taɓa koya mata ta duba ba. Ni kuwa an koya mini, amma ban karanta takardar ba. Laifina ne, Baba. Ummi, ki yafe mini."

Na karanta tsarina, sannan na ɗauki wayata don in nuna musu, na tambayi manhajar ƙofofin Kano, na karanta amsar da ƙarfi. Innalillahi! Yau ta tashi faɗin gaskiya, ta jero su daidai, babu ko ɗaya ta ƙari. Wani daga baya ya ce, "To ina ƙaryar da za a kama?"

Baba Alhaji ya ɗaga sanda. "Tambaye ta, daga Mandawari in mutum zai je Ƙofar Kabuga a ƙasa, ta ina zai bi?"

Na buga, na karanta. Tun ban kai rabi ba ya fara girgiza kai.

"Kai! Ta ɓatar da shi. Wannan hanyar Ƙofar Mata za ta kai shi. Kuma ji yadda take faɗa ko kunya babu!"

Na ce, "Baba, yaran nan da wayoyin yayyensu za su ci gaba da tambayarta, ko an rufe ajina ko ba a rufe ba. Ni kaina ban san hanyar nan kamar yadda ka san ta ba. Mai shaida muke nema."

Ya juya ya kalli jikarsa. Sannan ya ce wa Hajiya a ba ni zango ɗaya, in ya sake ganin ƙofar da babu ita a allo, da hannunsa zai sa wa ɗakin kwaɗo. Iyaye suka amince.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da Gwaggo da tuwonta, da Malam Nura da Malam Isyaku da suka buɗe mini azuzuwansu. Ina tattara takarduna Ummi ta zo ta tsaya kusa da ni, karo na farko tun ranar.

Ta ce, "Malama, Baba ya ce in tambaye ki, ranar shari'ar ƙarfe nawa zai zo? Wai kuma a sa masa kujera mai jingina."