Mijin Inna da Takardar Gwanayen Fim

Ranar Talata ce, cikin watan Fabrairu, a shekarar da kuɗin mota daga Bagwai zuwa Kano ya ninka uku. Zan faɗe ta yadda ta zo, don na maimaita ta a raina har babu abin da ya ɓace mini.

Ƙarfe shida da rabi ya dawo daga masallaci. Bai leƙo sashenmu ba, ya wuce ɗakin kakarsa Inna Hure, mahaifiyar maigidana. A can yake karyawa tun yana ɗan shekara biyu. Shi ne ɗana na fari, kuma da na yaye shi aka miƙa mata, kamar yadda ake yi a nan. Ita tana ce masa mijinta, shi yana ce mata amarya. Ni kuwa Malama yake ce mini, kamar ɗalibaina. Sunansa Uwaisu. Rubuta sunan bai taɓa yi mini wuya ba, na rubuta shi a katin asibiti da takardun makaranta. Amma shekara ashirin da shida ban taɓa furta shi da bakina ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. In ina nemansa sai in ce, "Ina mijin Inna?"

Ƙarfe bakwai na jiyo Inna ta katanga. "Kai malalacin miji! Kunun ma sai na fifita maka?" Da ƙarfi take magana kullum. Sanƙarau ya tafi da jinta tun kafin a kawo ni gidan, ba ta jin ko muryar kanta.

Ƙarfe takwas ya buɗe shagonsa a bakin tasha. Shago ne na katako, tebur ɗaya, kwamfuta ɗaya, da farantin sola a kan rufi. Sana'arsa tura wa mutane finafinai a waya. Ya gama sakandare da sakamako mai kyau, na nema masa gurbi a jami'ar da na yi, ya yi shekara ɗaya ya dawo. Ban yafe masa wannan ba sai da ya mutu.

Ƙarfe ɗaya da rabi na taso daga makaranta. Na bi ta ɗaya gefen titin, kamar kullum. Ya ɗaga mini hannu. Abokiyar aikina ta ce, "Ga Uwaisu can yana gaishe ki." Na ce na gani.

Ƙarfe huɗu, bayan la'asar, ya rufe shago ya dawo gida, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Inna. A nan yake yin aikin da ya fi so. Duk shekara ana bikin karrama 'yan fim a Kano, a zaɓi gwanin jarumi, gwanar jaruma, darakta da sauransu. Shi kuwa yana faɗin waɗanda za su ci tun kafin ranar. Mutanen tasha suna cewa yana da aljanu. Abin da yake da shi kurmar tsohuwa ce. Sai ya kunna mata fim ya jingine wayar a jikin kwanon goronta, ya zauna yana kallon fuskarta. Ba ta jin magana, ba ta jin kiɗan da ake sawa don a sa mutum kuka. Fuska kawai take gani, da hannu, da yadda mutum yake zama. In ta iya ba shi labarin fim ɗin daga farko har ƙarshe, darakta ya yi aikinsa. In ta yi tsaki ta ce, "Wannan ƙarya take, albasa aka sa mata," ya san an gama da wannan jarumar.

Ran nan wata yarinya suke kallo, wadda ta fito a matar da mijinta ya tafi ci-rani bai dawo ba. Inna ta daina tauna goro. Ta ce, "Wannan ta taɓa rashi. Dubi yadda take naɗe tabarma." Ya yi dariya ya shafa kanta. Ta make hannun. "Sakar mini kai, ko sadakina ba ka gama biya ba."

Ƙarfe biyar na kunna rediyo ina gyaran takardun jarrabawa a tsakar gida. Shirin Khalilu ne, wani mai gabatar da labaran 'yan fim a ɗaya daga gidajen rediyon Kano. Shekara huɗu kafin nan ɗana ya buga waya cikin shirin, ya faɗi gwanaye takwas, bakwai suka fito daidai. Khalilu ya karɓi lambarsa. Daga wannan shekarar, in biki ya matso sai ya kira shi a ɓoye ya karɓi sunayen, ya karanta su a matsayin nasa. Har laƙabi ya samu a kai, ana ce masa Ba-ka-kuskure. Ran nan ma cewa yake, "Saura mako biyu, masu sauraro, zan buɗe muku abin da na hango."

Ɗana ya zo ya tsuguna nesa da ni kaɗan, yadda ya saba.

"Malama, kin ji mutuminki."

"Ni ba ni da mutumi a 'yan fim."

"Bana in ya karanta, ki buga waya mana ki ce na ɗanki ne. Ke za su saurare ki, kin iya magana."

"In ce wa?"

"Ki ce Uwaisu." Yana murmushi, don ya san abin da yake tambaya.

Na ce, "Tashi ka ba ni wuri, marar kunya. Ka kawo mini digiri, sai in san abin da zan faɗa."

Ya tashi. Ya ɗauki takarda ɗaya daga waɗanda na ware zan zubar, ya ce zai yi rubutu a bayanta.

Ƙarfe bakwai, bayan magariba, ya ci tuwon dawa da miyar kuka a ɗakin Inna. Na ji yana ce wa babansa gobe zai shiga Kano ya kwafo sababbin finafinai. Babansa ya ce Allah ya tsare. Ni na ci gaba da gyaran takarduna.

Da safe bai shiga bas ba. Motar tumatir ya hau, wadda ta ɗauko kaya daga lambunan bakin dam, ya zauna a saman kwanduna shi da wasu mutum tara, don nan ne kaɗai talaka yake iya hawa a shekarar. Taya ta fashe a hanyar Bichi. Ƙarfe goma da kwata aka zo makaranta aka kira ni daga aji. Mutum huɗu suka rasu. An yi masa sutura bayan azahar.

Ba na jayayya da ajali. Wanda ya ba ni shi ne ya karɓa, na sani, na kuma faɗa da bakina a gaban mutane. Fushina a wani wuri yake.

Ranar sadakar uku Khalilu ya zo, cikin farar shadda, motarsa ta tare ƙofar gida. Ya yi wa maza gaisuwa, sannan ya ce yana son ganin mahaifiyar. Na fito zaure da hijabi, maigidana Malam Sama'ilu yana tsaye a gefe.

"Hajiya, Allah ya ba da haƙuri. Wallahi yarona ne. Ni na gano shi, ni nake ɗora shi a hanya."

"Wace hanya?"

Ya yi kamar bai ji ba. Ya yi addu'a mai tsawo, muka shafa. Sai ya rage murya. "Akwai ɗan aikin da muke yi tare, wasu sunaye. Ko ya bar su a kwamfuta, ko a waya? In an ba ni na minti biyar ma ya isa."

Kwana uku da binne shi. Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Na dubi takalmin mutumin, don in na dubi fuskarsa ban san abin da zai fito daga bakina ba. Na ce, "Ba a raba gado ba tukuna." Na koma ciki.

Da ya tafi Malam ya biyo ni. "Malama, in akwai ki ba shi mana. Me takarda za ta yi wa mamaci? Addu'a yake bukata."

"Addu'a ina yi, Malam. Shekara huɗu mutumin nan yana cin abinci da kan yaron nan, bai taɓa faɗin sunansa sau ɗaya ba."

Malam mutum ne mai sanyi, bai taɓa gaya mini baƙar magana ba. Ya ce a hankali, "Ke kin taɓa?"

Ran bakwai Inna Hure ta aiko a kira ni. Tun rasuwar ba ta tauna goro ba. Ta buɗe kwanon, ta ciro takarda a ninke huɗu. "Ga wasiƙar mijina. Ya ce in ɓoye masa kar kishiyoyi su gani. Karanta mini." Sai ta yi tsaki. "Na manta ba na ji. Karanta wa kanki."

Bayan takardar jarrabawar ce. A gaba jan birona ne, na ba wata ɗaliba uku cikin goma. A baya sunaye takwas, da rubutunsa mai kwanciya. Gwanar jaruma ita ce yarinyar nan mai naɗe tabarma. A ƙasa ya rubuta: Daga Uwaisu Sama'ilu, Bagwai. Ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Na yi mako guda takardar tana cikin jakata. Na yi karatun kimiyya, na koyar da 'yan mata shekara ashirin cewa su tambayi dalilin kowane abu. Ban taɓa tambayar dalilin wannan ba. Kunya ce, aka ce, kuma kunya ado ce. Na yarda, har yau ban ce ƙarya ba ce. Amma na san ba kunya kaɗai ta sa nake tsallaka titi ba. Na ɓuya a bayan al'ada ne don kar a ce ɗan Malama Hafsatu mai digiri yana tura fim a tasha. Al'adar ta rufa mini asiri da kyau. Ko shi bai gane ba, ko kuma ya gane ya ƙyale ni.

Talatar da Khalilu ya yi alkawari ta zo. Ƙarfe biyar na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Inna, na ajiye rediyo, na fara buga lambar shirin. Layi a cike. Sai a bugu na ashirin da uku aka ɗauka.

"Salamu alaikum, wa ke magana, daga ina?"

"Malama Hafsatu ce, daga Bagwai."

Ya gane muryar. "Af, Hajiya, Allah ya ƙara haƙuri. Masu sauraro, wannan baiwar Allah..."

"Duk sunayen da ka karanta a shirin nan shekara huɗu, ɗana ne ya ba ka. Ɗana na fari. Sunansa Uwaisu. Uwaisu Sama'ilu, mai tura fim a tashar Bagwai. Ga na bana, da sunansa."

Na karanta na farko, na biyu. Ina cikin na uku aka katse, aka sa waƙa. Wayata ta nuna daƙiƙa arba'in da bakwai.

Inna ba ta ji komai ba, amma bakina take kallo tun da na fara. Ta daɗe tana dubana yadda take duban 'yan fim.

"Sunansa kika faɗa?"

Na gyaɗa kai.

"Ashe bakin naki ya iya." Ta juya fuska wajen bango. "Da kin yi yana nan, da ya saya mini goro na wata guda."

Kafin magariba maganar ta zaga unguwa. Wata gwaggon Malam ta zo har gida ta ce boko ya cire mini kunya, uwa ta kira sunan ɗan fari a rediyo, duniya tana ji. Na ce mata, "Gwaggo, ki zauna in sake faɗa miki shi." Ba ta zauna ba.

Washegari na kwafe sunayen takwas a babban kwali na liƙa a ƙofar shagonsa, da sunansa a sama. Na tsaya a wannan gefen titin har na gama. Da aka yi bikin, shida suka fito daidai. Yarinyar mai tabarma ta ci. Biyun da ya kuskure su ne gwanin mawaƙi da gwanin kiɗa, inda Inna ba ta da hannu. Khalilu ya ci biyu cikin takwas. Bai ambaci kirana ba, bai ambaci sunan ba, har yau yana shirinsa. Na daina kunnawa.

Bayan arba'in aka raba kayansa. Ba su da yawa. Rigunansa biyar aka ba 'yan'uwan babansa, sabuwar shaddar da bai taɓa sawa ba aka kai wa ladan. Kwamfutar Malam ya bar wa ƙanwarsa Sakina, tana karatu da ita. Shagon da solar aka sayar wa abokinsa Hadi, na roƙe shi kar ya cire kwalin, bai cire ba, ko da yake rana ta cinye rabin rubutun. Takalminsa ɗaya aka samo a wurin hatsarin, Malam ya binne shi a bayan gida. Takardar tana wurina.

Wayar ta faɗo a rabona. Gilashinta ya tsage, lasifikarta ta mutu. Na kai wa Inna. Bayan la'asar nakan je in kunna mata, in jingine a jikin kwanon goro, in zauna inda yake zama. Jiya ta kalli wani saurayi yana kuka a kan gawar ubansa, ta yi tsaki ta ce, "Ƙarya yake." Sai ta juyo ta dube ni. "Rubuta mana. Ko ke ma sai an fifita miki?"